Na Bar Jaki Ina Dukan Taiki

 Na daɗe ina juya wannan magana a raina, in rubuta ko in bari, domin magana ce ta ciki da bayan gida, irin wadda aka koya mana tun muna ƙanana cewa 'ya mace mai kunya ba ta furta ta. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunyar nan ce ta sa na shafe shekara 6 ina fama ni kaɗai, har abin ya so ya taɓa mini aure. Don haka na ga gara in faɗa, wataƙila wata ta ji ta tsira.

Ni haifaffiyar wani ƙauye ce a ƙasar Kiyawa, a nan Jihar Jigawa. Ciwon ya faro ne a daminar 2018, ina aji biyu na babbar sakandare a wata makarantar kwana ta 'yanmata. Amai da gudawa suka kama mu, mu da yawa, aka yi mana ƙarin ruwa, kowa ta warke ta ci gaba da harkarta. Ni ma na tashi, amma tun daga ranar cikina bai koma yadda yake ba. Yau ya murɗa ya ɓarke da gudawa, gobe ya ɗaure in yi kwana uku ban zaga ba. In muka ci garau-garau da rana, kafin la'asar sai ya kumbura ya riƙa ƙugi, har ta kusa da ni a aji tana ji. Ai kuwa nan da nan aka laƙaba mini suna, wai "mai janareta". Ina dariya tare da su, amma in na kwanta da dare sai in lulluɓa da zani in yi kukana. Ranar da za mu rubuta lissafi a jarrabawar WAEC ta 2019, sau uku na shiga bayi kafin a raba takarda.

Da na dawo gida sai aka shiga neman magani irin namu na gida. Mai kemis ya ce olsa ce, ya ba ni ruwan magani fari mai kama da madara. Da bai yi ba sai ya ce ai taifod ce, aka yi mini allurai, na sha kafso har ba na son ganin launinsa. Mai maganin gargajiya da ke yawo da lasifika ranar kasuwa ya ce basir ne da dattin ciki, Inna ta sayo ƙulli biyu, na sha na yi kwana biyu ina zarya. Wata maƙwabciyarmu ta ce in riƙa jiƙa kanwa. Duk na yi. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in zauna gaban likita in faɗa masa yadda bayan gidana yake. Haba, da wane bakin?

A ƙarshen 2022 aka ɗaura mini aure aka kawo ni Dutse, gidan iyayen maigidana, aka ba mu sashenmu. Hajiya, mahaifiyarsa, mace ce mai kyauta da son ciyar da mutane, ta karɓe ni hannu bibbiyu. Sai dai ke kin san gidan yawa, ido ba ya barci. Da safe cikina a lafe yake kamar na kowa, amma da yamma sai zani ya matse ni, ya ɗago kamar na mai wata huɗu. Wata na uku da tarewa, ƙanwar maigidana ta shigo da la'asar ta ƙare mini kallo, sai kawai ta rangaɗa guɗa ta fita da gudu. Kafin magariba Hajiya ta aiko mini da ƙwaryar fura da nono, da gwangwanin madara, da dabino cikin leda, wai a kai wa amarya ta ƙara ƙarfi. Gabana ya faɗi, amma na kasa cewa komai. Ta yaya zan dubi surukata in ce mata Hajiya iska ce?

Bayan kwana goma al'adata ta zo. Aka ce ɓari ne, aka yi mini sannu. Da aka sake yin haka karo na biyu sai sannun ta ragu, ƙus-ƙus ya ƙaru. Wata rana ina wanke-wanke a bakin rijiya na ji matar wan maigidana tana ce wa wata baƙuwa, "Ai 'yan bokon nan sai a hankali, wa ya sani ko wani abu take sha yana zubewa." Wallahi sai da kwano ya suɓuce daga hannuna. Na shiga ɗaki na kifa kai a kan katifa, cikin kuwa kamar jira yake, ya ɗauki murɗa. A lokacin ban san cewa ɓacin rai da hanji maƙwabtan juna ne ba.

Sai ga Babbar Sallah ta 2023. Aka yanka raguna biyu a gidan, aka kafa kasko. Kwana uku ba abin da muke ci sai soyayyen nama yana ɗigar mai, a barbaɗa yaji, a yanka albasa, a kora da lemon kwalba mai sanyi. Daren na uku ban runtsa ba. Na durƙusa, na kwanta rub da ciki, na zaga ya fi sau bakwai, har na fara tunanin ko ajali ne. Da gari ya waye na zauna na yi lissafina ni kaɗai: me na ci? Nama. To ashe nama ne! Kamar haɗin baki, a satin na ga wani bidiyo a waya, wani mutum yana rantsuwa wai nama ruɓewa yake yi a hanji, duk mai son lafiya ya bar shi. Ban tambayi kowa ba na yanke hukunci: ni da nama, da kaza, da kifi, haihata-haihata.

Ke 'yar'uwa, ƙin nama a gidan Bahaushe ba ƙaramin abu ba ne. A wurinmu tsokar nama ita ce karamci, da ita ake girmama baƙo, da ita uwar miji ke nuna wa amarya so. Ranar da na fara mayar da naman da Hajiya ta sa mini a miya, da kanta ta tako har ƙofar ɗakina.

Ta ce, "'Yar nan, lafiya kika dawo mini da nama?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Hajiya, ba ya yi mini ne."

Ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Tunda uwata ta haife ni ban taɓa jin wanda nama bai yi wa ba. Ko dai namu ne bai kai ki ci ba?"

Da dare maigidana ya zauna a bakin gado ya ce, "Don Allah ki riƙa cin ko tsoka ɗaya ce saboda Hajiya, kin ga ranta ya sosu." Na ce masa in dai yana son lafiyata ya ƙyale ni. Ya yi shiru. Daga baya na ji an ce Goggonsa ta kawo shawarar a nemo rubutu, wai wannan ba ya rasa nasaba da sammu.

To da na bar nama, da me zan maye gurbinsa? Na tuna malamarmu ta koyar da mu cewa wake shi ne naman talaka. Shi ke nan na kama wake ba ji ba gani. Da safe ƙosai, ko shayi mai kaurin madara da burodi. Da rana ɗanwake ko wake da shinkafa. Da dare alala. A gefe kuma in yanka kabeji da ɗanyar albasa cike da faranti, wai ni mai kula da lafiya. Sati biyun farko na ɗan ji sauƙi, saboda na rabu da maiƙon Sallah, sai na ƙara tabbata na kama ɓarawona. Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago. Kafin wata biyu kumburin ya ninka, iska ta hana ni zama cikin mutane, na daina zuwa biki da suna, Islamiyya ma na riƙa zama a layin baya kusa da ƙofa. Duk da haka na ƙi yarda na yi kuskure. Sai na ce ai dattin naman ne yake fita.

Azumin 2024 shi ya kai ni bango. Ya faɗo cikin Maris da Afrilu, kuma duk wadda ta san Dutse ta san yadda duwatsun nan ke mayar da zafi bayan rana ta faɗi. Da an kira salla sai a jere mana faranti: dabinon Dutse mai zaƙi, kankana mai sanyi, mangwaro da ya fara shigowa, ƙosai da kunu. In cika cikina da su saboda yunwa da ƙishi, kafin a tayar da asham na kasa miƙewa. Da sahur kuma tsoro ya hana ni cin komai sai shayi da burodi. Na rame, na yi fari fat, in na tashi tsaye sai in ga duhu. Ranar 20 ga azumi ina tuƙa tuwo jiri ya ɗebe ni na zube a gefen murhu, Allah ya tsare ban faɗa wuta ba. Ina kwance a ɗaki ana yi mini fifita, na jiyo muryar Goggo a tsakar gida tana cewa, "Yaron nan fa ya yi haƙuri, shekara da rabi ba haihuwa sai jinya. Ai sai a fara duba masa wata." Hawaye suka gangaro mini ta gefen kunne.

Washegari maigidana ya ɗauke ni a babur zuwa asibiti. Allah ya haɗa ni da wata likita mace, dattijuwa mai sanyin murya. Da ta ga ina ta kame-kame sai ta ce masa, "Malam, ɗan ba mu wuri." Yana fita ta jawo kujera kusa da ni ta ce, "Ƙanwata, nan ba ɗakin suruka ba ne. Faɗa mini komai." Ta yi mini tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi mini. Sau nawa nake zagawa? Da tauri ko da ruwa? In na zaga ciwon yana lafawa? Na taɓa ganin jini? Yana tashina daga barci? Yana ƙaruwa lokacin al'ada? Yaushe ya fara? Na ba ta labari tun daga makaranta, ina yi ina share ƙwalla. Ta sa aka gwada jinina da bayan gidana, aka duba ƙwayar cutar da ke kawo olsa, aka yi mini hoton ciki da na mahaifa. Ta ce tunda na rame kuma jinina ya yi ƙasa, dole ta tabbatar babu wata cuta a ɓoye kafin ta kira sunan komai.

Bayan Ƙaramar Sallah muka koma. Ta ce babu olsa, babu tsutsa, babu ƙari, mahaifata kuma lafiya lau. Ramar da ƙarancin jinin daga yunwar da na saka kaina ne, ga jinin al'ada da ke fita duk wata ba a mayarwa. Shi kuwa ainihin ciwon, ta ce likitoci suna taƙaita sunansa da Ai-Bi-Es, amma ita ta fi son ta ce hanji mai saurin fushi. Ta ce akwai ƙa'idar da ƙwararru suka tsara, ana kiranta ƙa'idar Rum, an sabunta ta a 2016: ciwon ciki aƙalla rana 1 a kowane mako cikin wata 3 na baya, wanda ke da alaƙa da aƙalla biyu daga cikin waɗannan, wato zagawa, canjin yawan bayan gida, da canjin kamanninsa, kuma ya kai wata 6 da farawa. Ya fi kama mata, yakan biyo bayan gudawa mai tsanani kamar wadda na yi a makaranta, damuwa da fargaba suna tayar da shi. Sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ba ya zama daji, ba ya cinye hanji, kuma ba ya hana haihuwa." Na ce ta maimaita na ƙarshen a gaban maigidana. Ta yi murmushi ta kira shi ta maimaita.

Daga nan ta tambaye ni abin da nake ci. Ina lissafawa tana girgiza kai, har ta kai ga dariya. Ta ce, "Kin bar jaki kina dukan taiki." Ta yi mini bayani cewa akwai wasu ƙananan nau'o'in sukari a cikin wasu abinci da ƙaramin hanji ba ya iya tsotse su sosai. Sai su jawo ruwa, su gangara babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke zaune a can su yi ta cin su suna fitar da iska, kamar yadda ƙullun waina ke tashi in ya kwana. Kowa haka yake faruwa a cikinsa, shi ya sa ake tsokanar wanda ya ci wake. Bambancin shi ne hanjin irinmu yana jin wannan buɗewar a matsayin ciwo. Ta ce masana a Jami'ar Monash da ke birnin Melbon a ƙasar Ostireliya, Peter Gibson da Sue Shepherd, su suka haɗa waɗannan sukari a suna ɗaya a 2005, ana ce musu fodmaf, kuma jami'ar ta ce kamar mutum 3 cikin 4 masu wannan ciwo suna samun sauƙi in sun rage su. Ina suke? Cikin wake, da albasa, da tafarnuwa, da alkama, da madara, da kankana, da mangwaro, da zuma, da dabino in an ci da yawa. Wato dai farantina gaba ɗaya! Nama kuwa, wanda na ɗora wa laifi, babu ko ɗaya a cikinsa. Abin da ya kayar da ni a Sallah shi ne tulin mai, da yaji mai tafarnuwa, da albasa, da lemon kwalba.

Na ce, "To likita, in koma cin nama ke nan?" Ta ce wannan zaɓina ne. Akwai miliyoyin mutane a duniya, musamman a Indiya, da ba sa cin nama kuma suna zaune lafiya, amma da ilimi suke yi. In zan bari, in san inda zan samu abin gina jiki da na ƙarin jini. Ta rubuta mini ƙwayar ƙarin jini, ta ce in daina shan shayi a kan abinci domin yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe, in riƙa haɗawa da lemo ko matsin lemon tsami domin su suna taimakawa. Ta ƙara da cewa akwai bitamin B12 da ba a samu a tsiro, sai a nama da kifi da ƙwai da nono, don haka kar in kuskura in bar ƙwai. Sannan ta ce in sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta.

A wannan littafi mai warƙa 40 na gano kaina. Kowace rana in rubuta abin da na ci, da lokacin, da yadda cikina ya yi, da ko raina ya ɓaci, da ranar al'ada. Mataki na farko ta ce in janye duk waɗancan abinci na mako 4 kacal, ta kuma ja kunnena kar in mayar da shi rayuwa, domin ƙwayoyin hanji masu amfani su ma da wannan sukarin suke rayuwa. Na tsorata, na ce me ya rage mini? Ashe abin da ya rage shi ne abincin kakanninmu: tuwon dawa, tuwon masara, tuwon shinkafa, kokon gero, kunun gyaɗa ba madara, miyar kuɓewa, miyar alayyafo, dankalin Turawa, karas, tumatir, gwanda, lemo, gyaɗa da ƙuliƙuli, da riɗin da Allah ya albarkaci Jigawa da shi. Miyar kuka da kwaɗon zogale ma ni ba su taɓa damuna ba. Kwana goma da farawa na ɗaura zani da safe, har isha'i ban sassauta shi ba. Na tsaya gaban madubi ina shafa cikina kamar wata sabuwar zararriya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne awara. Na ce ai ita ma wake ce. Likita ta ce in tuna yadda ake yin ta: a jiƙa waken suya, a markaɗa, a tace, a dafa, a zuba ruwan tsami ta dunƙule, sannan a matse. Wannan sukari mai tayar da ciki cikin ruwa yake narkewa, don haka yawancinsa yana bin ruwan da aka matse, abin gina jikin ya zauna. Tun daga nan awara ta zama namana. Ba na tsoma ta cikin tafkin mai, sama-sama nake soyawa, ko in yanka ta cikin miya. Albasa ma na koyi dabararta. Lawashinta, wato koren ganyen sama, ba ya damun yawancin masu irin ciwona. In kuma ƙamshin nake so, sai in soya manyan yanka a mai in tsame su kafin in zuba ruwa, domin sukarin ba ya narkewa a mai. Amma in ta riga ta dahu a cikin miya, tsamewa ba ta da amfani, ya riga ya shiga romo.

Mataki na biyu shi ne dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne kwana 3, daga kaɗan zuwa da yawa, ina rubutawa. A nan na san abokaina da maƙiyana. Ɗanyar albasa da tafarnuwa, ko kusa. Kankana da mangwaro, yanka ɗaya ya ishe ni nadama. Madara ba ta yi mini, amma kindirmo rabin kofi ba ya komai. Burodi yanka ɗaya lafiya, taliya cike da faranti kuwa sai na kwana a zaune. Dabino ƙwara ɗaya ko biyu ina buɗa baki da su ba matsala. Wake ma bai kore ni gaba ɗaya ba: in na jiƙa shi ya kwana, na zubar da ruwan, na tafasa na sake zubarwa, ina cin cokali uku a kan shinkafa. Na kuma lura da abin da ba abinci ba: duk ranar da aka ɓata mini rai, ko al'ada ta kusa, ko na ƙi cin abinci tun safe sannan na cika ciki lokaci ɗaya, ko tuwon dawa ne sai ya motsa. Ki lura, wannan lissafin cikina ne. Naki zai iya bambanta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saura Hajiya. Na yi kwana da kwanaki ina tara ƙarfin hali, rannan bayan la'asar na ɗauki littafina na same ta tana tsinkar zogale. Na durƙusa na ce, "Hajiya, na zo in ba ki haƙuri, in kuma faɗa miki abin da kunya ta hana ni faɗa tun zuwana gidan nan." Na kwashe komai na gaya mata, har da cikin da ba ciki ba. Ta daɗe ba ta ce uffan ba, hannunta yana cikin tire. Can sai ta ce, "Ke 'yar nan, shi ne kika bar ni ina ɗura miki madara?" Sai kuma ta rage murya ta ce, "Ni da kike gani, rabona da madarar shanu tun ina goyon mijinki. In na sha sai cikina ya yi kamar ganga. Ban taɓa gaya wa kowa ba, cewa nake yi ba na sha'awa." Muka dubi juna, sai dariya ta ƙwace mana, ni ina yi da hawaye.

A Babbar Sallar 2024, ana tsakiyar suya sai ga ƙanwar maigidana da ɗan kwano a rufe. Na buɗe na ga tsoka biyu dafaffu, ba mai ba yaji, an yanka lawashi a kai. Ta ce, "In ji Hajiya, wai da hannunta ta dafa, in ba za ki iya ba kar ki takura." Na zauna na cinye su tas, kuma na kwana lafiya. Har yau ba na cin nama a sauran ranaku, don bayan shekara guda da bari ƙarninsa ya daina yi mini daɗi, ga shi kuma ya yi tsada. Ƙwai da awara da gyaɗa da riɗi da ɗan kindirmo sun riƙe ni, ina kuma zuwa gwajin jini. Amma na Hajiya na Sallah ba na mayarwa. Maganar a duba masa wata kuwa, da Goggo ta sake tayar da ita, Hajiya ce da kanta ta ce a bar mata 'yarta ta huta.

Ba zan yi miki ƙarya in ce na warke ba. Wannan ciwo lallaɓa shi ake yi, akwai ranakun da har yanzu yake tuna mini yana nan. Amma yanzu na san shi, ya daina ba ni tsoro. Don haka ƙanwata, in kina fama da irin wannan, kar ki yanke wa kanki hukunci daga bidiyon waya, kar ki bar wani abinci gaba ɗaya ba tare da kin san da me za ki maye shi ba, kar kuma ki mayar da kafso da allurar kemis abin yau da gobe. Ki je asibiti ki buɗe baki ki faɗi gaskiya. In kuwa kin ga jini a bayan gida, ko ya fito baƙi ƙirin, ko kina ramewa ba dalili, ko zazzaɓi da amai sun ƙi tsayawa, ko gudawa tana tashinki cikin dare, to wannan ba na jira ba ne, ki gaya wa Umma yau ɗin nan a kai ki. Ku kuma da ke aji ɗaya da mai irin wannan lalura, ku ji tsoron Allah ku daina yi mata dariya, ba ku san kukan da take yi a ƙarƙashin zani ba.

Af, na kusa mantawa. A cikin 2025 cikina ya sake ɗagowa, har ƙanwar maigidana ta kalle ni ta kama baki ta ƙi yin guɗa, wai ta tuba. Na koma wurin likitata, ta duba ni ta ce in ajiye duk wata ƙa'idar janye abinci sai da shawararta, yanzu ba ni kaɗai nake ci ba. Wannan karon dai, ko da gari ya waye, cikin bai sace ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya bar mu da iyayenmu da surukanmu lafiya. Wassalam, taku har kullum, daga Dutse.